Ɗan macijin masara ya amayar da abincinsa: wane girman ɓera ya kamace shi?

Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta iso, ga ta a taƙaice saboda masu karatu. Kana zaune da iyali a Leeds, ƙasar Ingila. Makonni biyar da suka wuce ka saya wa 'yarka ɗan macijin masara, wato wani maciji marar dafi ɗan asalin Amurka da ake kiwo a gida, tsawonsa kamar rular makaranta, kaurinsa bai wuce na biro ba. Sau uku yana cin jinjirin ɓera lafiya lau, amma kullum da ya haɗiye sai ya ci gaba da yawo yana fito da harshe kamar mai neman ƙari. Tausayi ya kama ka, ka sayo ɓeran da ya fara gashi ka ba shi, ya haɗiye da ƙyar. Washegari yarinyar ta ɗauke shi ta nuna wa ƙawayenta, kwana biyu bayan nan kuka tarar ya amayar, ɗaki ya cika da wari. Kana tambaya ko ciwo ne, ko a sake ba shi yanzu tunda cikinsa ya koma wayam, wane girma ya dace da shi, kwana nawa-nawa, ko kuma a yayyanka masa naman kaza a huta.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Kada ka ba shi komai yau, kada ka ba shi gobe. Ka ƙirga kwana 14 daga ranar da ya yi aman. A cikinsu babu abinci, babu ɗauka in ban da awo ɗaya da zan faɗa a ƙarshe, sai ruwa mai tsabta a ɗan kwano da ɗumi daidai. Na san maganar za ta yi maka nauyi. Mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta a kan kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Saboda haka duk wanda ya killace dabba a cikinmu, tsoron barin ta da yunwa ne kan gaba a ransa, kuma tsoro ne mai kyau. Sai dai jikin maciji daban yake da na kyanwa. Ita tana ƙona abincinta dare da rana don jininta ya zauna da ɗumi, shi kuwa daga waje yake aron zafi, shi ya sa abin da yake buƙata kaɗan ne ƙwarai. Ɗan maciji mai lafiya zai yi mako biyu bai ci ba, ko a jikinsa. Abin da na ga yana kashe su suna ƙanana shi ne amai a kan amai.

Aman maciji ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da ya dawo da ɓeran, ya zubar da ruwan cikinsa mai narka abinci da ruwan jikinsa tare, kuma ƙasusuwa da faratan abin da ya fara ruɓewa sun goge masa maƙogwaro a hanyar fita. Cikin yana buƙatar lokaci ya warke ya sake tara ruwansa. In ka ɗora masa wani ɓeran kafin nan, sai shi ma ya dawo, na biyu ya fi na farko muni, kuma dabbar da nauyinta bai kai giram 10 ba ba ta da ajiyar da za ta jure hakan sau uku ko huɗu.

Daga yadda ka ba da labarin, ban ga alamar cuta ba tukuna. Abubuwa uku ne suka haɗu masa a mako guda: ɓeran ya yi masa girma, an ɗauke shi abinci na ciki, kuma ina kyautata zaton akwatinsa bai da ɗumin da ya isa. Na farkon shi ne uwar matsalar, don haka a kansa zan daɗe.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne maciji yana iya haɗiye abin da ba zai iya narkarwa ba. Muƙamuƙinsa na ƙasa rabi biyu ne, ba a haɗe suke da ƙashi a haɓa ba kamar namu, wata jijiya ce mai talewa ta riƙe su. Ba gurɗe muƙamuƙi yake yi ba kamar yadda ake faɗa, haka halittarsa take. In ka zauna ka kalle shi da kyau za ka ga ya fara zagaya ɓeran yana shinshinawa har ya gano hanci, sai ya kama ta nan. Ɓangaren dama na bakin ya matsa gaba ya maƙale da ƙananan haƙoransa masu lanƙwasa baya, sannan na hagu ya biyo, kamar mai jan riga matsattsiya a jiki kaɗan-kaɗan. Fatar wuyansa ta buɗe har ka hango farar fata tsakanin ɓawon jikinsa. A ƙasan bakin akwai bakin bututun numfashinsa da yake turowa gaba don kada ya shaƙe. Da kafaɗun ɓeran sun wuce, sauran sauƙi ne: sai ya lanƙwasa wuya hagu da dama yana tura shi ƙasa, ya yi hamma ɗaya ko biyu ya daidaita bakinsa. In abincin daidai yake, duk wannan ba ya wuce minti biyar zuwa goma. In ka ga an doshi rabin awa yana fama, yana tsayawa yana hutawa, to ka riga ka san an wuce gona da iri.

Shekarar da na fara ƙyanƙyashe su da kaina, wani mai shago ya ce mini in dai ya shige bakinsa to ya yi masa. Na yarda da shi. Akwai wata 'yar ƙarama ja mai haske da na fi so a cikin ƙwan gaba ɗaya, saboda ba ta taɓa ƙin abinci ba. Na ƙara mata girma da wuri, ta amayar, na ji tausayinta na sake ba ta bayan kwana huɗu, ta sake amayarwa. A mako na uku na same ta a miƙe a gefen kwanon ruwa. Har yau ina jin zafin abin, kuma tun daga ranar ban sake ciyar da ƙarami ba sai na ɗora shi a sikeli.

Ma'auni biyu ake haɗawa. Na farko na ido ne: ka dubi wurin da ya fi kauri a jikin macijin, wajen tsakiyarsa, ba kansa ba, ba wuyansa ba. Kaurin ɓeran ya zama daidai da wannan wurin, ko ya ɗara shi kaɗan, iyakarsa ninki ɗaya da rabi. Ga ƙarami, musamman wanda ya taɓa amai, ni daidai nake tsayawa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, gaskiya ne, sai dai idon sabon mai kiwo bai riga ya koyi kimar giram biyu da giram biyar ba, kuma tsakaninsu ne rai yake. Shi ya sa ma'auni na biyu: ka sayi ɗan sikelin kicin na lantarki mai nuna giram, in da hali mai nuna ɗigon giram. Ka ɗora roba mai murfi, ka mayar da shi sifili, ka sa macijin a ciki. Ɓeran ma ka auna shi tun yana daskare.

Macijin da ka siffanta ba zai wuce giram 8 zuwa 10 ba. Abincinsa jinjirin ɓera ne na giram 1 zuwa 2. Wanda ya fara gashi, irin wanda ka ba shi, yakan kai giram 5 ko fiye. Ka yi lissafi: giram 5 a jikin mai giram 9 ya wuce rabin nauyinsa. Kamar a ce mutum mai kilo 60 ya haɗiye ɗan rago mai kilo 33 gaba ɗayansa, da gashi da ƙashi. Kowa ya haɗiyi taɓarya, ai zai kwana tsaye.

Da yake a shago za ka saya, ga sunayen da za ka ji suna kira. Finki shi ne jinjirin da bai wuce 'yan kwanaki da haihuwa ba, ja-ja, babu gashi ko ɗaya, daga giram 1 zuwa 3 ko 4. Fazi shi ne wanda gashi ya fara rufe shi amma idonsa bai buɗe ba, domin ɗan ɓera sai wajen kwana 12 zuwa 14 yake buɗe ido. Hofa shi ne wanda ya buɗe ido ya fara tsalle-tsalle. Daga nan sai yayayye, wanda ya kai kamar kwana 21, sai kuma babba. Amma kada ka dogara da sunan da ke jikin leda. Abin da wannan shago ya kira babban finki, wancan zai kira shi ƙaramin fazi, kuma a leda ɗaya ma sai ka samu wani ya ninka wani. Giram ɗin za ka tambaya. In ka dawo gida ka zazzage ledar, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka fara da ƙananan.

Ga yadda nake hawa da su. Muddin macijin bai kai giram 15 ba, finki ɗaya ne duk kwana 5 zuwa 7. Daga giram 15 zuwa wajen 25 sai babban finki na giram 3 zuwa 4, ko ƙanana biyu in ya nuna yana ɗauka lafiya. Sai ya haura giram 25 nake nuna masa fazi, shi ma ƙarami na giram 5 tukuna, a tafi da shi a hankali har giram 8 kafin macijin ya kai 50, sau ɗaya a mako. Daga 50 zuwa 90, hofa na giram 9 zuwa 12. Bayan nan yayayye duk kwana 7 zuwa 10, har ya zama babba mai cin ɓera ɗaya na giram 20 zuwa 30 duk kwana 10 zuwa 14, wani ma fiye da haka in mai saurin ƙiba ne. In ka lura, da zarar ya bar jarirantaka abincin yana komawa wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa, yana ƙara girma kason yana raguwa. Jariri ne kawai kasonsa ke ɗan haura haka, don babu ɓeran da ya fi finki na kwana ɗaya ƙanƙanta. Za ka ci karo da jadawalin da masu kiwo a Amurka suke yawo da shi, wanda ya yi kusa da wannan amma ya fi shi sauri. Masu neman su girma da wuri don a sayar ko a haɗa su barbara ne suka fi amfana da shi. Kai da kake kiwon guda ɗaya don 'yarka, babu inda kake sauri.

Shi kansa macijin zai gaya maka lokacin ƙari. Bayan ya ci, ya kamata ka ga ɗan ƙullutu a tsakiyar jikinsa, a bayyane amma bai tale fatar ba. Ya baje cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In har kwana uku yana nan, ko dai abincin ya yi yawa ko ɗumi ya yi kaɗan. In kuwa ya ci ba ka ga ƙullutun ba sam, sau biyu ko uku a jere, kuma sikeli ya nuna ya kai matakin gaba, to a ƙara. Ba kuma na son a daɗe a kan finki fiye da kima don tsoro, wannan ma kuskure ne. Finki ruwa ne mafi yawansa, ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Fazi ɗaya da ya dace ya fi finki uku amfani, domin a ƙashinsa ne macijin yake samun abin gina nasa ƙashin. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, nauyinsa, nauyin abin da ya ci, ranar da ya yi kashi da ranar da ya yi saɓa. Awon nasa kafin ciyarwa ake yi, duk mako biyu ya isa. Wata uku in ka duba littafin za ka ga hanyar da yake bi da idonka.

Yawon da ka ga yana yi bayan ya ci, wanda ya sa ka ji tausayi, halinsa ne na daji. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, daga Fulorida da Jojiya da jihohin Karolina biyu har zuwa Nujasi. Ana cewa ya samo sunansa ne daga yawan ganinsa a rumbunan masara yana farautar ɓeraye, wasu kuma su ce zanen cikinsa ne mai baƙi da fari ya yi kama da ƙwayar masara. A can in ya faɗa sheƙar ɓera, ba ya sanin yaushe zai sake samun wata, don haka muddin warin na hancinsa zai ci gaba da nema. Harshen da yake fitarwa ɗauko wari yake yi yana kaiwa wata gaɓa a rufin bakinsa. Warin ɓera na nan a takardar shimfiɗa da hannunka, dole ya yi ta lalube. In ka ba shi na biyu zai karɓa, na uku ma wataƙila. Karɓarsa ba ta nuna yunwa.

Wanda kuma bai yi amai ba, cusa masa abinci yana cutar da shi ta wata hanyar da ba a gani da wuri. Zai yi tsawo da sauri, kansa ya zauna ƙarami a kan jiki mai kauri, kitse ya taru a cikinsa da hantarsa. Dabba ce da kan yi shekara 15 zuwa 20 a hannun mai kula, wasu ma su wuce, kuma tana kai girmanta na mita ɗaya da 'yan kai zuwa ɗaya da rabi ne a cikin shekara biyu zuwa uku. Ko masu haɗa barbara na kirki ba sa haɗa mace sai ta cika shekara 3, ta kai giram 300 da tsawon kamar santimita 90. Ka riƙa duba siffar jikinsa. Mai lafiya kamar burodin gwangwani yake: ƙasa a shimfiɗe, gefe a miƙe, sama a zagaye. In ƙashin baya ya fito tsini jikin ya koma kamar rufin tanti, ya rame. In ya zama mulmulalle kamar tiyo, fata na leƙowa tsakanin ɓawo ko ba ya ɗauke da abinci, ko kitse ya yi tudu daf da inda wutsiya ta fara, ya yi ƙiba.

Yanzu batun ɗumi, wanda ba ka ambata ba sam a tambayarka, kuma shi ya sa nake zarginsa. Maciji da zafin wurin kwanciyarsa yake narka abinci. In wurin ya yi sanyi, ɓeran zai fara ruɓewa a ciki kafin ruwan cikin ya cim masa, ya kumbura, dole ya fito. Ɗakin da kai kake jin daɗinsa a Leeds da rigar sanyi a jikinka, wajen digiri 18 zuwa 20, bai isa ba, balle cikin dare in an kashe na'urar ɗumama gida. Gefe ɗaya na akwatin ya zama digiri 28 zuwa 30, ɗaya gefen 22 zuwa 25, da maɓoya matsattsiya a kowane gefe, don ya zaɓi inda yake so ba tare da ya fito fili ba. Tabarmar ɗumi ko fitila, duk wadda kake amfani da ita, dole a haɗa ta da na'urar daidaita zafi, in ba haka ba tana iya ƙona shi. Ma'aunin zafin kuma a ƙasa za ka sa bakinsa, daidai inda cikinsa ke taɓawa. Wanda ake mannawa a saman gilashi iskar sama yake aunawa. Wannan ka duba shi yau, kada ka jira kwana 14.

Ɗauka kuwa dokarta gajeriya ce: awa 48 bayan ci babu mai taɓa shi, in ƙullutun bai baje ba a ƙara kwana. A daji in wani abu ya kama maciji da cikakken ciki, zubar da abincin yake yi don ya samu saurin gudu, kuma hannun yarinya da ƙafar shaho duk ɗaya ne a wurinsa. Kada ka yi wa 'yar taka faɗa, ba ta sani ba. Ka ba ta aikin riƙe littafin, ita ce za ta riƙa gaya wa kowa cewa yau ba ranar ɗauka ba ce. Saboda wannan dalilin ne ma ba na goyon bayan fitar da shi zuwa wani akwati don ciyarwa sannan a ɗauko shi a mayar. A ba shi a inda yake, a kan takardar goge hannu ko ɗan faranti, don kada ɓarɓashin katako ya manne a jiƙaƙƙen ɓera ya haɗiye tare.

Naman kaza ba zai yi ba, ka cire shi a ranka. Tsokar nama zalla ba ta da ƙashi, ba ta da hanta da sauran kayan ciki, kuma a cikinsu ne abubuwan gina jikinsa suke. Wanda aka ɗora a kan tsoka ƙashinsa zai yi laushi ya lanƙwashe a hankali. Ba ya cin fara ko gyare, ba ya shan madara. Dabba sukutum yake buƙata, kuma ɓeran kiwo daskararre shi ne mafi sauƙi da aminci.

Yadda ake narkar da shi: ka sa finkin a 'yar leda ka ɗaure, ka bar shi a ruwan sanyi har ya saki, sannan ka mayar da ledar cikin ruwan ɗumi irin wanda hannunka zai jure na minti goma. Ka matsa cikinsa da kansa tsakanin yatsunka ta cikin ledar. In ka ji wani wuri da tauri ko sanyi, bai yi ba. Ƙanƙara a tsakiyar ɓera ita kaɗai ta isa ta jawo amai. Kada a sa shi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, tana dafa wani ɓangare ta fasa ciki. Ka riƙe shi da dogon hantsaki ta baya, ka nufi hancinsa wajen macijin, da magariba in ɗaki ya yi shiru, ka ɗan motsa shi kaɗan. Wani zai kai sara ya kanannaɗe shi, wani kuma ya zo a natse ya buɗe baki kawai. In bai karɓa ba, ajiye shi a bakin maɓoya ka kashe fitila. Da safe in yana nan, shara za shi. Ba a mayar da shi firiza.

Na san kuma batun ajiye mushen ɓera kusa da naman miya ba zai yi wa uwargida daɗi ba, kuma tana da gaskiya. Ɓeraye daskararru da macizai kansu suna iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, sanyin firiza ba ya kashe ta. Ka sa su a leda biyu cikin roba mai murfi da aka rubuta wa suna, a aljihun da babu abinci, in da hali ma ƙaramar firiza daban. Kofin narkarwa da hantsakin su zama nasa shi kaɗai, kada su shiga wurin wanke-wanke. Wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kuma in akwai yaro ƙasa da shekara 5 a gidan, a nisanta shi da akwatin.

Ɓera mai rai ba ka buƙatarsa. Wanda ya buɗe ido yana iya cizon maciji ya ji masa mummunan rauni, ga azabar da ake ba ɓeran ba dole, kuma dokar kula da dabbobi ta 2006 a nan Ingila ta haramta jawo wa dabba wahalar da za a iya kauce mata. Wanda aka kama a tarko a gida ko a lambu shi ma a'a: yana ɗauke da tsutsar ciki, kuma mai yiwuwa ya ci guba. Ga 'yan'uwa da za su karanta wannan daga gida Najeriya, gargaɗin ya ninka. Ɓeran gida na iya cin shinkafar ɓera, kuma wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Sannan macijin masara ba ya rayuwa a dajinmu. Ɗan ƙaramin maciji mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige da za ka gani a gona a Gombe ko Taraba yana iya zama kububuwa, wadda dafinta ke kisa. Kada wani ya ga hoton yarinya riƙe da maciji ya kai hannu.

Akwai yiwuwar bayan hutun ya ƙi ci, kada hankalinka ya tashi. Ka fara duba idonsa. In ya yi hazo-hazo kamar shuɗi, launin jikinsa ya dushe, saɓa zai yi, kuma ƙanana suna yin ta kusan duk wata ko wata ɗaya da rabi. A lokacin ba ya gani sosai, da yawansu ba sa ci, ni ma ba na ba su sai fatar ta fita. In ba saɓa ba ce, ka jira kwana biyar kafin ka sake gwadawa. Nuna masa abinci kullum tsorata shi yake yi. Dabarun da suka fi yi mini aiki su ne a sa shi da finkin a 'yar ƙaramar roba mai hujojin iska a cikin akwatinsa ya kwana, ko a huda kan finkin da tsinke don warin ya fito, ko a wanke finkin a goge shi sarai. Masu taurin kai sosai akan shafa musu warin ƙadangare, domin a daji jariransu da ƙananan ƙadangaru da kwaɗin bishiya suke fara rayuwa kafin su kai ga ɓera. Naka da ya riga ya ci sau uku da wuya ya kai ka nan. Tura masa abinci a baki da ƙarfi kuwa kada ka gwada, aikin wanda ya ƙware ne, kuma sai an rasa yadda za a yi.

A rana ta 14, in ɗumi ya daidaita, ka zaɓi finki mafi ƙanƙanta a ledar, na giram 1. In duk sun fi haka, yanke kan ɗaya tun yana daskare ka ba shi kan kawai. Ka rufe akwatin ka bar shi kwana uku cur ba leƙe ba motsi. In ya riƙe, za ka ga kashinsa bayan 'yan kwanaki, baƙi-baƙi da ɗan fari kamar alli a gefe. Farin nan fitsarinsa ne, ba ciwo ba. Ka jira kwana 7 zuwa 10, ka sake ba shi ƙarami irin wancan, haka har sau uku, sannan ku koma finki na giram 2 duk kwana 5 zuwa 7. Fazi sai sikeli ya nuna 25.

In kuwa ya sake amai duk da ƙanƙantar abincin da ɗumin da ya daidaita, ko ka ga tsakiyar jikinsa ta kumbura da tauri alhali bai ci komai ba, ko fatarsa ta yi yaushi nauyinsa na sauka, to maganar ta wuce ta girman ɓera. Akwai wata ƙwayar cuta, kiriftosforidiyam, da ke kama cikin macizai tana kumbura shi, kuma macijin masara na cikin waɗanda ta fi damu. Ka nemi likitan dabbobi wanda ya san masu jan ciki, don ba kowanne ne ya saba da su ba, ka tafi masa da sabon kashin macijin ko abin da ya amayar a cikin leda, da littafin nan naku. Gara ka nemo lambar irin wannan likitan tun yanzu ka ajiye.

Ka auna shi nan da kwana biyu ko uku in ya natsu, sau ɗaya kawai, a hankali cikin roba, ka turo mini nauyin tare da abin da ma'aunin zafi ya nuna a gefen ɗumi da tsakar dare. Da su zan gaya maka ko ɗan finki sukutum za ka fara da shi ko kai kawai. A gaida 'yar tamu da mutanen gida.